Yadda Ake Zaga Tsibirin Siri Lanka Cikin Ayari, Daga Neman Biza Har Ranar Komawa Gida

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya ce a haɗa masa Lipton da madara, ya taɓo tarihin Siri Lanka ko da bai sani ba. A 1890 ne Thomas Lipton, ɗan kasuwa daga Gilasgo, ya je tsibirin, lokacin ana kiransa Silon, ya sayi gonakin ganyen shayi a kan tsaunuka. Sunansa ya bi ganyen har ya shigo bakinmu. Larabawa kuwa tun da daɗewa sun san wurin da sunan Sarandib. Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa Takadda da ke ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya sauka can a 1344 musamman don ya hau dutsen da ake cewa a kansa Annabi Adamu ya fara taka ƙasa.

Tsibiri ne da ke kudu da Indiya, faɗinsa murabba'in kilomita 65,610, wato Jihar Neja ma ta fi shi girma, amma yana ɗauke da mutum kusan miliyan 22. Mafi yawansu mabiya addinin Buda ne, sai Hindu, sai Musulmi da suka kusa kashi goma cikin ɗari, sai Kirista. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, musamman mai fasfon ƙasashenmu, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce tafiya cikin ayari da jagora ɗan ƙasa. Sai dai daɗin irin wannan tafiya ko wahalarta, tun kana gida ake yanke shi, a kan takardar jadawali da ka amince da ita. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan abin da ake yi kafin a hau jirgi.

Mataki na farko: wane irin ayari

Iri uku ne. Akwai na babbar bas mai mutum talatin ko arba'in, shi ya fi araha, kuma shi ya fi cin rai: jiran wanda ya makara, cin abinci inda bas za ta iya tsayawa, da jagora ɗaya da ba zai san sunanka ba har a rabu. Akwai ƙaramin ayari na mutum takwas zuwa sha shida da kamfani ke haɗawa daga ƙasashe daban-daban. Sannan akwai wanda ku da kanku za ku haɗa, 'yan uwa ko abokan aiki ko ma'aurata uku huɗu, kamfani ya ba ku mota da direba da jagora.

Ni na ukun nake ba kowa shawara in da hali. In kun kai shida zuwa goma, kuɗin mota da na jagora ya rabu a kanku, kuma jadawalin naku ne. Za ku iya cewa a tsaya azahar, a kai ku Juma'a, a cire gidan rawa a sa kasuwa. A ayarin da aka haɗa ka da baƙi, kai kaɗai ne mai buƙatar buta, kuma roƙo za ka yi ta yi. In kun haɗu, ku naɗa madugu tun a gida, mutum ɗaya mai haƙuri wanda shi kaɗai zai riƙa magana da kamfani da jagora. Baki goma a kan direba ɗaya, kafin kwana uku an ɓata.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Damina biyu ce a tsibirin, kowace da ɓangarenta. Ta farko tana zuwa daga kudu maso yamma, daga Mayu zuwa Satumba, ta jiƙa Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, da gaɓar kudu da tsaunukan shayi. Ta biyu daga arewa maso gabas take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu ko Fabrairu, ta sauka a arewa da gabas. Oktoba da Nuwamba kuwa ruwa na iya kama ka a ko'ina.

Zagayen da aka fi yi, wanda ya ratsa tsakiya da tsaunuka ya sauko kudu, lokacinsa Disamba zuwa Maris. Shi ne kuma lokacin tsada da cunkoso. Wanda hutunsa ya faɗo a Yuli ko Agusta kada ya fasa, sai dai ya ce a juya masa hanya: tsakiyar ƙasa sannan gaɓar gabas, wajen Tirinkomali, inda teku ke kwance a lokacin. Yana da wata riba ma, don daga Yuli zuwa Oktoba ne giwaye ke taruwa ɗaruruwa a bakin tafkin Minneriya idan daji ya bushe.

Ka duba kalanda a kan abu biyu. Kowace ranar da farin wata ya cika da'ira, wadda suke kira Poya, hutu ce a ƙasar: bankuna a rufe, mahauta ba sa yanka, wuraren bauta a cike. Sannan tsakiyar Afrilu sabuwar shekararsu ce, gari yakan yi tsit na kwanaki.

Mataki na uku: kamfani, da karatun jadawali

Nan ne zuciyar maganar. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da SLTDA, ita ke yi wa kamfanoni rajista, ita ke ba jagorori lasisi. Ka nemi lambar rajistar kamfanin ka duba ta a shafin hukumar. In ta hannun wakili a Kano ko Abuja ko Yamai za ka bi, ka ce ya gaya maka sunan kamfanin da zai karɓe ku a Kolombo. Wanda ya ƙi faɗa, ka riƙe kuɗinka. Ka tambayi kuma irin jagoran: akwai mai lasisin ƙasa baki ɗaya wanda aikinsa bayani ne kawai, akwai direba mai lasisin jagoranci wanda yake haɗa biyun. Ga mutum uku huɗu direban ya isa. In kun haura shida, ku nemi jagora daban, direba daban. Hanyoyin tsauni ba sa son direba mai waiwaye yana ba da labari.

Sai jadawalin. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne duban taswira. Tsawon tsibirin daga arewa zuwa kudu bai wuce kilomita 430 da 'yan kai ba, kamar Kano zuwa Abuja, sai mutum ya ɗauka a kwana biyar zai gama da shi. Amma daga Kandi zuwa Nuwara Eliya, tafiyar da ba ta kai kilomita 80 ba, awa uku take ci, saboda hanyar nannaɗe take kamar maciji. Don haka ka karanta jadawalin da biro a hannu, ka sa kamfani ya rubuta maka awannin mota na kowace rana. Duk ranar da ta haura awa biyar a mota kuma aka jera mata wurare uku, ƙarya ce, ɗaya za a tsallake ko a yi muku gani na leƙe. Ka ƙirga kuma sau nawa za a sauya masauki. Kwana goma da masauki tara, haɗa jaka kawai za ka je yi. Ka nemi aƙalla wurare uku da za a kwana bibbiyu. Kwana goma zuwa sha biyu shi ne daidai ga cikakken zagaye. In bakwai gare ka, ka rage wurare.

Ga abubuwan da za ka sa a amsa maka a rubuce, ba a waya ba. Kuɗin shiga wurare yana cikin farashin? Ba ƙaramin abu ba ne, don shiga tsohuwar fadar dutse ta Sigiriya kaɗai ya haura dala 30 ga baƙo, kuma gandun daji ana biyan shiga daban, motar daji daban. Abinci sau nawa a rana? Sunayen masaukan, kowanne da sunansa, ba "mai tauraro huɗu ko makamancinsa" ba. Masauki da abincin direba a kan wa suke? Shaguna nawa za a tsaya? Nawa ne ƙarin wanda yake son ɗaki shi kaɗai, kuma in an haɗa mutum biyu, ta yaya ake haɗawa? Mafi muhimmanci gare mu: in biza ba ta fito ba, nawa za a dawo da shi? Kafin alƙalami kaɗan za ka bayar, ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba. Kuma in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, ka tuna araha ba ta ado. A shaguna za a fanshe.

A wannan takarda ce kuma za ka shigar da addininka. Ka ce kuna son tsayawar minti ashirin tsakanin azahar da la'asar, a kusa da masallaci in zai yiwu. Ka ce ranar Juma'a ta same ku a Kolombo ko Kandi ko Galle. Ka ce abincinku na halal ne, in babu a ba ku kifi da ganye. Kamfanonin can sun saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa, ba baƙon zance ba ne a wurinsu, wasu ma za su ba ku direba Musulmi in kun nema. Abin da ba sa so shi ne a tayar da maganar bayan mota ta kama hanya.

Mataki na huɗu: biza da lafiya

Yawancin baƙi ta intanet suke cike izinin shiga da ake kira ETA, su samu cikin kwana ɗaya biyu. Masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru ba haka nasu yake ba: sai an sami mai tsaya musu a can ya kai takardunsu hukumar shige da fice. Ga shi kuma an rufe ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja a ƙarshen 2021, lokacin da tattalin arzikinsu ya shiga matsi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa kamfani mai rajista yake da amfani gare mu, shi ne mai tsayawar. Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da wuri, wata biyu zuwa uku kafin tafiya, kuma kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai izini ya zo hannunka. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Ka buga komai a takarda: izinin, tikitin dawowa, jadawali, sunayen masaukai, lambar wayar kamfani.

Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga mai zuwa daga ƙasashenmu, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki.

Wani abin da zai ba ka mamaki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2016 cewa Siri Lanka ta kawar da zazzaɓin cizon sauro. Don haka kai ne ake tsoron ka kai musu. Ka yi gwaji kafin ka tashi, in akwai ka sha magani ka warke, kuma in zazzaɓi ya kama ka a can ka gaya wa likita daga inda ka fito. Wanda suke fama da shi shi ne zazzaɓin dengi, wanda saurensa da rana yake cizo. Man korar sauro safe da yamma, kuma in jiki ya yi zafi a sha farasitamol kawai a tafi asibiti, ban da asfirin da ibuprofen, don suna iya jawo zubar jini ga mai dengi. Ka yi inshorar tafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗebi maganinsa har da ƙari, cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Abu ɗaya da zan faɗa da babbar murya: kada ka karɓi saƙon kowa. Mun saba da "don Allah ga ɗan ƙunshi ka miƙa wa wane", amma dokar ƙasar ta tanadi har hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi. Abin da ba kai ka ɗaure shi ba, kada ya shiga jakarka.

Mataki na biyar: kaya da guzuri

Babu jirgi kai tsaye. Ta Doha ko Dubai ko Istambul ake bi, kuma daga Doha kusan awa biyar ce zuwa filin jirgin Bandaranaike. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi.

Kaya marasa nauyi na auduga, don zafin gaɓar teku mai gumi ne irin na Legas. Amma ka sa rigar sanyi mai kauri guda, domin Nuwara Eliya tana kan tudun mita 1,868, darenta ya fi na Jos sanyi. Takalmin tafiya mai kama ƙasa, silifa, lema, safa mai kauri, ƙaramar darduma, da 'yar buta ta roba. Jaka ɗaya matsakaiciya ta fi manya biyu, tunda kullum ana lodi ana saukewa. Kuɗi kuwa, kada ka dogara da katin naira. Ka riƙe dala sababbi marasa yagewa, ka canza kaɗan a filin jirgi zuwa rufi, kuɗin ƙasar, ka adana rasit don canza ragowar ranar komawa. A nan filin jirgin za ka sayi layin waya na Dialog ko Mobitel da fasfonka. Ka adana lambobi uku: 1990 motar asibiti, 119 'yan sanda, 1912 layin taimakon baƙi.

Mataki na shida: a kan hanya

Daren farko yawanci a Nigombo ake yi, kusa da filin jirgi. Ka yi barci, kada ka yarda a ɗauke ku tafiyar awa huɗu daga saukowa. Da safe madugu ya zauna da jagora minti goma su bi jadawalin tare, a buɗe zauren WhatsApp, a tsayar da ƙa'idar lokaci. Kafin ka tayar da sallar farko, ka duba alƙibla. Mu mun saba fuskantar gabas har muna kiran alƙiblar da sunan gabas. A can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Musulmin ƙasar Shafi'awa ne, mafi yawansu Tamil suke ji, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, kuma suna ɗaga hannu a ƙunutin asuba. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka tambayi malaminka tun a gida, ka tafi da amsarka.

Daga nan sai tsakiyar ƙasa. Sigiriya dutse ne guda da ya miƙe kusan mita 200 daga cikin daji, wanda Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa a ƙarni na 5 bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta. Matakalar ta kai 1,200. Ku nace a kai ku da sassafe, kafin rana ta buɗe kuma kafin manyan bas su iso. Lambunan ruwa da ke gindinsa ma abin kallo ne, don haka dattijon da gwiwarsa ba za ta iya ba, bai yi asara ba in ya tsaya ƙasa. A tsakiyar hawan akwai wata matakala mai murɗawa da ke kaiwa ga tsofaffin zanen mata marasa riga. Ana iya wuce ta. Kusa da ƙafafun zakin da aka sassaƙa akwai gidajen rina, shi ya sa ake hana hayaniya a wurin. A kiyaye.

Sai kogunan dutse biyar na Dambulla da gidan bautar Kandi inda suke ajiye abin da suka yi imani haƙorin Buda ne. A nan kowa ya yanke wa kansa tun kafin a iso. Wasu za su shiga don ganin tarihi, wasu ba za su shiga wurin gumaka ba, kuma babu wanda ya kamata a matsa wa. Wanda zai shiga ya san ƙa'ida: a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, ba a juya wa gunkin Buda baya don ɗaukar hoto, mace ba ta taɓa limaminsu mai jan mayafi. Safar nan da na ce a ɗauko, a nan take aiki, don dutsen yana ƙuna da rana. 'Yar uwa, ki sani a wasu wuraren dokar cire abin kai tana hawa har kan hijabi. Ki sa jagora ya tambaya kafin a yanki tikiti, in haka ne ki zauna a bakin tafkin Kandi ki jira su, wuri ne mai daɗin zama. Mai niƙabi kuma ta yi wa kamfani maganar tun a gida, don bayan hare-haren bam na Afrilun 2019 an taɓa hana rufe fuska na wani lokaci, kuma har yanzu masu tsaro suna iya neman ganin fuska.

Tsakanin Dambulla da Kandi za a tsaya da ku a lambun kayan ƙamshi a yankin Matale. Ka shiga ka ga yadda ake ɓare kirfa daga reshe, ka ga masoro da kanumfari a jikin bishiyarsu. Amma da an zaunar da ku an fara jero man da ke maganin kowace cuta, ka san an zo wajen ciniki, kuma direba yana da kasonsa a duk abin da ka saya. Kirfar da za ka saya a nan, kasuwar Kandi tana da ita a ƙasa da haka nesa. Gaba kaɗan akwai Akurana, garin Musulmi a bakin hanya, wurin da ya dace da azahar da abincin rana.

Abincinsu shinkafa ce da miya kala-kala a ƙananan kwanuka, da madarar kwakwa a kusan komai, da yaji wanda ko Bahaushe sai ya nemi ruwa. Ka ɗanɗani kottu, gurasa ce da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da ganye ko nama. Ka nemi watalappan, kayan zaƙin Musulmin ƙasar na madarar kwakwa da ƙwai da mazarƙwaila irin tasu. Ruwan jar kwakwa da ake sarewa a gabanka ya fi kowane lemo. Ruwan sha kuwa na gora kawai.

Daga Kandi hanya ta fara hawa, iska ta sauya, tsaunuka su koma kore shar da ganyen shayi. Da kofi ake nomawa a nan, sai wata cuta ta cinye shi daga 1869, shayin da James Taylor ya fara shukawa a 1867 ya maye gurbinsa. Matan da za ka gani da kwando a baya suna tsinko, jikokin Tamilawan da Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya ne, kuma har yau suna cikin mafi talaucin mutanen ƙasar. Kada a ɗauki hotonsu ba izini, kuma in sun tsaya maka, ka ba su wani abu. A masana'anta za a nuna maka yadda ganye ke bushewa, a murza shi, ya sauya launi, a gasa, a tankaɗe. Garin da ya rage a ƙasan rariya shi ne yake shiga 'yar jakar shayin da muka saba da ita.

Jirgin ƙasa na tsaunuka shi ne abin da kowa ke ɗoki. Daga Kandi zuwa Ella awa shida zuwa bakwai ne, amma mafi kyawun yankin daga tashar Nanu Oya yake farawa, kusan awa uku, mota ta wuce da jakunkunanku ta tare ku a gaba. Kujerun da ake kamawa kwana 30 kafin tafiya ake fara sayar da su, kuma nan da nan suke ƙarewa, don haka kamfani ya tabbatar maka a rubuce. Ka tambayi kuma ko layin yana aiki, domin zaftarewar ƙasa takan rufe shi, kamar yadda guguwar ƙarshen Nuwamban 2025 ta yi masa ɓarna mai yawa. Kuma don Allah a bar lilo a ƙofar jirgi saboda hoto. Ramukan dutsen da jirgin ke ratsawa matsattsu ne, an rasa rayuka a haka.

Dutsen Annabi Adamu ba ya cikin yawancin jadawali, sai ka nema. Tsayinsa mita 2,243, matakala sama da dubu biyar daga ƙauyen Nallatanniya. A ƙwanƙolinsa akwai wani gurbi mai siffar sawun ƙafa: mabiya Buda suna cewa na Buda ne, Hindu na Shiba, Musulmin da suka zo da daɗewa suka ce na Annabi Adamu ne. Labari ne da aka gada, ba ibada ba ce, kuma wurin yanzu a hannun mabiya Buda yake. Lokacin hawa daga ranar Poya ta Disamba zuwa ranar Poya ta Mayu, sa'ad da ake kunna fitilu a hanya, masu shayi kuma suke buɗe rumfunansu. Ana tashi wajen biyu na dare don a riski fitowar rana a sama, inda inuwar dutsen take faɗawa a kan gajimare kamar dala. Ka yi alwala ka riƙe dardumarka, asuba a hanya za ta same ka. A guji ranar Poya da ƙarshen mako, don layi yakan tsaya cak na awanni. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma washegari ba ka da amfani, a bar ta ranar hutu.

Da an sauko kudu sai gandun daji. Yala ta yi suna da damisa, amma motoci sun yi mata yawa kuma ganin damisar sa'a ce. Mai son giwa ya zaɓi Udawalawe, da wuya a fita ba a gan su ba. Ka roƙi direban daji kada ya matsa wa dabba, kuma ka ƙi hawan giwa a duk inda aka tallata maka.

Galle, wadda suke furtawa kamar Gol, tsohuwar ganuwa ce a bakin teku da 'yan Fotugal suka fara, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta. A cikinta akwai tsohuwar unguwar Musulmi da farin masallacin Miran kusa da hasumiyar jiragen ruwa. Ka zaga kan ganuwar da la'asar sakaliya, ka sauko ka yi magariba a nan. Game da teku, mu mutanen tudu ne, wanda ya iya iyo a kogi ko kududdufi bai san jan igiyar ruwa ba. Inda aka kafa jar tuta ba a shiga, inda babu kowa a ruwa ba a shiga, yara kuma a hannu. A wannan gaɓar za ka ga wuraren tunawa da ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe sama da mutum 30,000 a ƙasar. Da wuya jagoranku ya rasa wanda ya sani a cikinsu. Wannan, da yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009, a bar shi ya fara tayar da zancen da kansa.

Mataki na ƙarshe: Kolombo da sallama

Daga Galle babbar hanya ce, awa biyu kun shiga Kolombo. Ku bar kwana guda cur don ita. Ku je kasuwar Petta, ku yi salla a Jan Masallaci, Jami'ul Alfar, mai ratsin ja da fari, wanda aka gama a 1909. Tsarabar shayi a sayi mai tambarin zaki, shi ne shaidar cewa ganyen ƙasar ne zalla kuma a can aka ƙulla shi. Duwatsu masu daraja, irin shuɗin yakutu da ƙasar ta yi suna da shi, kada a saya a hannun wanda ya tare ka a titi. Sai shago mai lasisi, da takardar gwaji daga hukumar duwatsu ta ƙasar.

A daren ƙarshe madugu ya tara kuɗin ihsani a ambulan biyu, na jagora daban, na direba da yaron mota daban, gwargwadon abin da kamfani ya ce an saba bayarwa a kowace rana. A miƙa da hannun dama, a gaban kowa, a ce musu istuti, wato mun gode, in kuma Tamil suke ji a ce nandiri. In akwai abin da aka biya ba a samu ba, a rubuta wa kamfani a daren nan tun kuna ƙasar. A auna jakunkuna a masauki, don shayi da kirfa suna da nauyin da ba a zato. Fasfo da katin shawara da rasit ɗin canji a jakar hannu, kuma mota ta bar Kolombo awa huɗu kafin tashin jirgi.